Hajja ta ce haƙori ne, yarona kuma kwana shida bai ci abinci ba

Assalamu alaikum Adda. Daga Garwa nake rubuto miki, don Allah a sakaya sunana. Yarona na fari shekararsa ɗaya da wata biyar, yau kwana shida ke nan ya ƙi abinci. Da can yana shan kunun gyaɗa, yana cin tuwo da miyar kuka har ya miƙo hannu a ƙara masa. Yanzu da ya hango cokali sai ya kau da kai ya sa kuka. Nono kaɗai yake karɓa, sai ɗan ruwa. Dalala ta hana rigarsa bushewa, duk abin da ya samu sai ya ciza, ni ma bai bar ni ba. Na leƙa bakinsa na ga dasashin can ciki ya kumbura. Daren jiya da na shekaranjiya jikinsa ya yi zafi, bayan gidansa kuma ya koma ruwa-ruwa, sau uku ko huɗu a yini.

Gida ɗaya muke da uwar mijina. Hajja ta ce haƙori ne, 'ya'yanta takwas duk haka suka yi, babu abin kai wa asibiti. Safe da yamma takan karɓe shi ta matse a cinya ta yi masa ɗura, yana shure-shure yana tari, wani lokaci ya amayar da kunun duka. Ta ce in Juma'a ta zo bai sake ba za a kira wanzami ya tsaga dasashin, a duba belinsa kuma. Maƙwabciyata ta kawo mini wani siro, maganin ruwa na haƙori, da ta saya a kasuwa, ban ba shi ba tukuna. Maigidana direban babbar mota ne, yana hanyar Ngaundere. A waya ya ce nono ne ya sangarta yaron, in yaye shi zai ci abinci dole, kuma in bi abin da Hajja ta ce. Ga shi ɗan fari ne, ina jin nauyin a ga ina rawar jiki a kansa. Amma in dare ya yi ba na iya runtsawa. Adda, yaya zan yi?

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba yaron nan lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya. Da na karanta saƙonki sai na ture sauran wasiƙu gefe, don irin wannan ba a sa ta a layi. Gobe da sassafe ki goya shi, ki ɗauki katinsa na asibiti, ki kai shi asibiti mafi kusa da ku a auna zafin jikinsa, a ɗan soki yatsa a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro. Kada ki jira Juma'a, kada ki jira motar maigida ta juyo. Yadda za ki fita daga gidan ba tare da an yi rigima ba, za mu zo kansa, amma ki fara ƙulla wannan a gefen zane.

Hajja ba ta faɗi ƙarya ba da ta ce haƙori. Haƙoran yarinta 20 ne, sukan fara leƙowa wajen wata 6, su gama cika kusan shekara 3. Na gaba sirara ne, sukan fasa dasashi ba da dogon rikici ba. Turame na farko kuwa masu faɗin kai ne, suna fitowa tsakanin wata 13 da 19, ga fiƙoƙi suna biye da su daga wata 16 zuwa 23. Naki yana wata 17, ya faɗo daidai mahaɗarsu. Kumburin da kika gani can ciki, da dalalar, da cizon, da gudun tuwo a koma nono, duk aikin haƙori ne. Ki tuna ranar da haƙorinki ya taɓa yin ciwo, a ce a ranar wani ya nufo bakinki da cokalin ƙarfe cike da abu mai zafi. Ke ma kau da kai za ki yi.

Inda na rabu da Hajja shi ne zafin jikin nan na dare biyu da zawon. An yi wani bincike a Amurka da aka buga a shekarar 2000, aka bi yara 125 ana rubuta halin da suke ciki kullum yayin da haƙoransu ke fitowa. Aka ga damuwar kowane haƙori tana cikin kwana 8 ne: huɗu kafin ya fasa, ranar da ya fasa, da uku bayanta. A kwanakin yaro yakan rage cin abu mai tauri amma yana sha, jikinsa yakan yi ɗan ɗumi. Zazzaɓi mai ƙarfi da zawo ba su shiga lissafin ba. Shi ya sa ma'aikatan lafiya, in ma'aunin zafi ya nuna 38 ko fiye, suke neman dalili a wani wurin ko da kuwa suna ganin haƙorin da idonsu.

Za ki ce to me ya sa iyaye da kakanni duk bakinsu ya zo ɗaya a kan zawon haƙori? Sun ga abin, lokaci ne ya haɗa musu biyun. Daga wajen wata 6 kariyar da yaro ya zo da ita daga cikin uwa take raguwa har ta ƙare, a daidai lokacin kuma yake yawo a tsakar gida yana tsintar silifa, murfin kwalba, tsinken da kaji suka taka, yana kai wa baki don dasashi na ƙaiƙayi. Haƙori ya sa shi cizo, abin da ya ciza shi ya kawo zawon. Tunda kuwa kusan kullum akwai haƙorin da ke kan hanya, duk cutar da ta shigo sai ta tarar da shi a bakin ƙofa, laifin ya hau kansa. Ga shi muna cikin Satumba, Binuwai ta cika ta batse, kududdufai ko'ina, sauro na cin kasuwarsa. Ko da yaronki yana shan maganin nan da ake bi gida-gida ana bai wa yara kowane wata a damina, wanda aka fara a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru tun 2016, maganin yana rage haɗari sosai amma bai rufe ƙofar ruf ba. Gwajin kuma bai fi minti 20 ba.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami. Muna Marwa a lokacin, 'yata ta biyu tana da shekara ɗaya da 'yan watanni. Kwana huɗu ina goga mata jiƙaƙƙen tsumma ina cewa haƙori ne, don kowa a gidan haka ya ce, kuma haƙorin yana nan, ina ganin farin kansa. A rana ta biyar ma'aikaciyar jinya ta buɗe tafin hannun yarinyar ta ɗora kusa da nawa. Nawa ja, nata fari fat kamar takarda. Ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi a nemo wanda zai ba da jini. Yarinyar ta tashi, yau ita ma goyo take, amma har gobe in na ji an ce haƙori ne sai tafin hannun nan ya faɗo mini a rai. Ki buɗe na yaronki yanzu ki gwada da naki.

Akwai abubuwan da in kin gan su ba a jiran wayewar gari. In ya ƙi nonon ma, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi har tayar da shi na wuya, ki nemi mai babur ko da tsakar dare ne. Haka in idanunsa sun faɗa, ko ya yini bai yi fitsari ba, ko kin ga jini a bayan gida, ko numfashinsa ya kai 40 a minti ɗaya yana kwance shiru, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja iska. Maganar kuɗi kuma kada ta tsayar da ke: tun 2011 gwamnatin Kamaru ta sanar cewa maganin zazzaɓin cizon sauro mara tsanani kyauta ne ga yaran da ba su kai shekara 5 ba a asibitocinta. Duk da haka ki riƙe 'yan kuɗi a hannu, ba a rasa ɗan abin saye. Ki roƙe su su haska bakinsa da makogwaronsa da kunnuwansa, don ƙuraje a baki ko ciwon kunne suna hana yaro cin abinci kamar yadda haƙori ke yi. Su kuma auna damtsensa da ɗan zaren nan mai launi uku: in ya wuce santimita 12.5 yana kore, in ya gaza 11.5 yana ja, kuma akwai abincin gyaɗa na musamman da ake ba irin waɗannan yara.

Zawon kuma tun yau za ki fara tare shi. Ƙullin gishiri da sukari da ake rubuta SRO a jikinsa, ki zuba ɗaya a lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce. Bayan kowane zawo ki ba shi mililita 50 zuwa 100, kamar rabin ƙaramin kofi, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya amayar ki dakata minti 10 ki ci gaba a hankali. Wanda ya kwana ya yini ki zubar ki haɗa sabo. A asibiti ki tambayi ƙwayar zinc, ana ba da ita kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya a rana ta uku.

Yanzu ɗura. Wannan ita ce ta fi tsaya mini a rai a duk wasiƙarki, kuma ita nake so ta tsaya daga yau. A maƙogwaro hanya biyu ce, ta abinci da ta iska, da wani ɗan murfi da ke rufe ta iska duk sanda mutum ya haɗiya. Yaron da aka matse, aka toshe masa hanci, yana tsala kuka, iska yake nema, murfin a buɗe yake. Kunun da aka kwarara a wannan lokacin yana iya bin hanyar huhu. Tarin da kika ji yana yi jikinsa ne ke ƙoƙarin fitar da abin da ya ɓace hanya, wanda ya maƙale kuma yakan zama ciwon huhu bayan kwana ɗaya ko biyu, da zazzaɓi da saurin numfashi. Ban ce abin da ke damun naki ke nan ba, amma dole ki gaya musu a asibiti cewa ana yi masa ɗura, su saurari ƙirjinsa da kyau. Kada kunya ta sa ki ɓoye. Sannan ki duba ribar da ake samu. Kunun ɗura sai an tsinka shi ya zama ruwa kafin ya kwarara, rabinsa a zanen Hajja yake ƙarewa, sauran ya amayar, har da nonon da ya sha kafin nan. Abin da ke zama kuwa shi ne tsoro. Kin ce da ya hango cokali yake fara kuka, tun abinci bai taɓa dasashin ba. Wannan kukan na tuna abin da ke biyo bayan kwano ne, kuma yana iya daɗewa bayan haƙorin ya fito ya gama.

Maganar wanzami gajeriya ce: a'a. Tsaga dasashi ba ya gaggauta haƙori, ciwo ne ake ɗorawa a kan ciwo, a bakin da ake roƙo ya ci abinci. Beli kuwa kowa da nasa aka haife shi, ke da Hajja da wanzamin kansa, in ba a riga an cire ba. In aka yanke shi aka bar rauni a maƙogwaro, nonon nan ɗaya da ya rage wa yaron shi ma zai gagara haɗiya. Ga zubar jini ga yaron da wataƙila zazzaɓi ya riga ya ci jininsa, ga aska da ta taɓa wasu tana iya ɗauko ciwon hanta ko tetanus mai sandarar da jiki. Wanzami mutumin arziki ne a ranar suna, a bar shi a kan askinsa.

Siron maƙwabciya, ki yi mata godiya, ki zubar in ta juya baya. Allah ya taimake ki da ba ki ba shi ba. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 wani siron haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya, ƙodarsu ta daina aiki, saboda an haɗa shi da wani sinadari da ake amfani da irinsa a man birki da ruwan sanyaya injin mota. Maigidanki direba ne, in kin faɗa masa haka zai gane da wuri. Kada kuma ki ce abin tsallaken iyaka ne: a watan Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan siron tari mai suna Naturcold da aka samu a nan Kamaru da wannan gubar. Ko wanda babu guba a ciki, sau da yawa akwai maganin sa barci, yaro ya yi lamo a ɗauka sauƙi ya samu, alhali cutar na can tana aikinta. Man shafawa a dasashi mai kashe zafi shi ma ki bar shi, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2018 kada a shafa wa yaron da bai kai shekara 2 ba irin mai sinadarin benzocaine. Asfirin kuma ba na yara ba ne sam.

Abin da za ki iya ba shi shi ne farasitamol na yara daga farmasi na gaskiya, gwargwadon nauyinsa: miligiram 15 a kowane kilo, bayan awa 6, kada ya wuce sau huɗu a yini da dare. Wasu suna zuwa da ɗan sirinji mai lambobin kilo a jiki, ki ja zuwa lambar nauyin yaronki, shi ke nan. In an ba shi kamar rabin awa kafin abinci, yakan sami sararin haɗiya. Amma ki sani yana sauke zafin jiki ne kawai, in ya sha ya warware da safe kada ki ce an fasa zuwa asibiti. Sauran sauƙin a hannunki yake. Ki wanke hannu da sabulu, ki danna yatsa a kan kumburin kina murzawa a hankali kamar minti biyu. Zai fara ture ki, can sai ki ji ya dafe yatsan da dasashi ya yi shiru. Sanyi ma yana taimakawa, kuma ba sai da firiji ba tunda wuta ba ta da tabbas: ki zuba tafasasshen ruwa a kwalba mai murfi ki jefa cikin randa ya yi sanyi, ki jiƙa tsaftataccen ƙyalle da shi ki ba shi ya tauna kina kallo. Haɓarsa da dalala ke ci ki riƙa tsanewa ki shafa man kaɗe. Gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa da suka cika gari yanzu, kada wani ya miƙa masa wai ya sosa dasashi, ƙwaya ɗaya ta isa ta shaƙe yaro mai wannan shekarun.

Yaye kuwa, ba yanzu ba. A shekara ta biyu nono yana ɗauke kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da jikin yaro ke bukata, in kuma ciwo ya zo sau da yawa shi kaɗai ne abinci, shi ne ruwa, shi ne lallashi. Kwana shidan nan shi ya riƙe miki yaron. A cire shi a tsakiyar zawo da zazzaɓi, daidai yake da sare reshen da ake zaune a kai. Ayar nan ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, likitoci ma shekara 2 ko fiye suke cewa, kin ga babu saɓani. Amma kada mu watsar da maganar maigida gaba ɗaya, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Yaron da aka cika wa ciki da nono minti biyar kafin tuwo ba zai kalli tuwon ba. In ya warke, ki riƙa gabatar da abinci, nono ya biyo baya. A kwanakin ciwo dai duk sanda ya nema ki ba shi.

To me za a sa a kwanon? Abu mai laushi, mai ɗan sanyi ko ɗumi kaɗan, mara yaji, mara tsami sosai. Kunun tsamiya da miyar yakuwa su dakata, suna yi wa kumburarren dasashi zafi. Kunun gyaɗar da ya saba ki dama shi da kauri yadda zai zauna a cokali ba ya zuba, ki bar shi ya huce, ki ɗan sa cokalin mai ko kindirmo mai tsafta, don in cokali uku kaɗai zai karɓa, gara ukun su zama masu nauyi. Tuwo mai taushi da miyar kuɓewa ko kuka ko lalo yana sulɓewa ba sai an tauna ba. Ki samo karfasa daga masu kifin Lagdo, ki dafa, ki murmushe tsokar tsakanin yatsunki sau biyu kina lalubar ƙaya, ki cakuɗa a miyar. Dafaffen ƙwai da aka dame, alala, kabewa, dankali, ayaba da gwanda da aka murje, duk suna shiga. Kaɗan-kaɗan, bayan awa biyu-biyu. Abin da zan hana ki shi ne toshe 'yar yunwar da ta rage masa da biskit da lemon kwalba da shayi. Shayin ma yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke gina jini.

Tunda ya tsani cokali yanzu, ki ɓoye shi na 'yan kwanaki. Ki shimfiɗa tabarma, ki zaunar da shi cikin yaran gida suna ci, ki ajiye masa nasa ɗan kwanon a gabansa, ke ma ki ci naki kina nuna daɗi, kamar ba ki damu da shi ba. Zai dama hannu a ciki, ya shafa a kai, ya zubar da rabi. Ki ƙyale shi. Wani lokaci daga lasar yatsa ake komawa ci. In ya buɗe baki ki sa masa loma da hannunki, in ya kau da kai ki janye. Bayan kamar minti 20 ki ɗauke kwanon ba faɗa ba roƙo, a sake gwadawa anjima. Nasa kwanon daban yana da amfani, don a kwanon taro ba za ki taɓa sanin nawa ya ci ba. In lafiya ta dawo, abin da ake nema ga mai shekarunsa shi ne ci uku zuwa huɗu a yini, kowanne kusan cikin kofi mai mililita 250, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu, sannan ki ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako biyu don ya mayar da abin da ya zube. Kuma kada ki sa ran zai koma cin da yake yi yana jariri-jariri. A shekarar farko yaro yakan ninka nauyin haihuwarsa uku, a ta biyu kilo biyu zuwa uku kawai yake ƙarawa, ga shi ya gano cewa yana da ikon cewa a'a. Ki riƙa lissafa abin da ya ci a mako, lissafin yini ɗaya hawan jini kawai zai sa miki.

Saura Hajja. Matar da ta raini takwas a zamanin da asibiti ke da nisa ta ga abin da ni da ke ba mu gani ba, wataƙila ta ga yaron da ya ƙi ci har ya tafi. In ta matse jikanta a cinya, tsoro ne ke matse shi, tsoron nan da ke hana ki barci. Don haka kada ki tunkare ta da "an ce" ko "na karanta", ballantana a gaban mutane. Tsohuwa ba ta sauka daga maganarta a gaban suruka. Ki same ta bayan sallar asuba ita kaɗai, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce, "Hajja, mijin nan naki ya hana ni barci jiya, jikinsa kamar garwashi. Na san haƙorin ne, amma ina tsoron kada sauro ya haɗa masa. Ki taimaka ki raka mu a auna shi, ke kika fi ni iya yi musu bayani." Kin bar mata haƙorinta, kin ba ta gaba, kin kuma sami abin da kike so. In kun je, ki faki ido ki raɗa wa ma'aikaciyar jinya maganar ɗura da wanzami, ki roƙe ta ta yi bayanin ga ku biyun kamar nasiha ce da ake yi wa kowa. Abin da Hajja ba za ta karɓa daga bakinki ba, za ta iya karɓa daga mai farar riga. A gida kuma kada ki ƙwace mata jikan, ki canza mata aiki. Ita ta murza dasashin, ita ta dama kunun, ita ta zauna da shi a tabarma tana yi masa wasa tana tsokanarsa da angon da ya ƙi cin girkin amarya. Kakanni sun fi mu haƙurin wannan zaman nesa ba kusa ba.

Maigida yana can kan hanya, abin da yake ji a waya kukan yaro ne da ƙorafi daga ɓangare biyu, shi kuma so yake ya dawo ya tarar da gida lafiya. Shi ya sa ya ɗauki gajeriyar hanya ya ce a bi Hajja. In kin kira shi yau da dare kada ki kai ƙarar mahaifiyarsa, nan take zai toshe kunne. Ki ba shi lissafi, direba ya san lissafi: kwana shida babu abinci, dare biyu zazzaɓi, zawo sau huɗu. Ki nemi izinin fita, ki nemi ya turo kuɗin babur ta waya, sannan ki roƙe shi ya kira Hajja da kansa ya ce shi ne yake so a kai yaron a gwada, a kuma dakatar da wanzami har ya dawo. Magana in ta fito daga ɗanta, ba ta da ɗaci. In wayarsa ba ta shiga, ki nemi yayarsa ko wata goggo da Hajja ke jin nauyinta. In duk an bi an rasa, kuma kika ga ɗaya daga alamun da na lissafa miki, ki goya ɗanki ki fita, haƙuri a ba da shi bayan an dawo.

Kunyar ɗan fari kuma na gane ta sarai. Ko a saƙon da kika turo mini ba ki ambaci sunansa ba, ban sha wahalar gogewa ba. Ki ci gaba da kawaicinki, kada ki kira sunan, kada ki yi masa rawa a gaban surukai, babu wanda zai ce ba ki da tarbiyya. Amma iyayen da suka koya mana kara ba su taɓa nufin uwa ta zauna tana kallon zazzaɓi don kada a ce ta damu ba. Ke kike kwana da shi, ke kika ji zafin jikin a ƙirjinki, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke ma ki ci abinci ki sha ruwa sosai, mai shayar da marar lafiya dare da rana tana bukatar a kula da ita, in ya yi barcin rana ki bar wanke-wanken ki kwanta kusa da shi cikin gidan sauro.

In kun dawo ki rubuto mini abin da gwajin jinin ya nuna, da launin da zaren damtse ya tsaya a kai, da abin da suka ji a ƙirjinsa. Ki gaya mini kuma ko Hajja ta yafa mayafinta ta bi ku.